Ki bar hunturu ya taya ki rage mata ƙiba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da goɗiya 'yar shekara 11, gajeriya ce kakkaura, irin waɗanda ko me suka ci sai ya zauna musu a jiki. Kafin shigowar sanyi likitan dabbobi ya duba ta, ya ce a ma'aunin ƙiba na 1 zuwa 9 tana kan 8, lallai a rage mata. Inda nake zaune sanyin hunturu mai tsanani ne, ruwa yana daskarewa, ƙasa yau taɓo gobe ƙanƙara, kuma kafin in taso daga aiki duhu ya yi. Asabar da Lahadi kaɗai nake samun hawa. Mahaifina ne ke ba ta abinci da safe, ya ce rage wa dabba abinci cikin wannan sanyi zalunci ne. Yakan cika mata ciyawa, ya ƙara da kwanon hatsi, ga barguna biyu da muke rufa mata. Bara bayan wucewar sanyi ta yi kwana huɗu tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, daga baya ta ware. Ni kaina idan ta cinye ciyawarta ta tsaya tana kallona sai zuciyata ta karye. Shin in bari sai gari ya yi ɗumi mu fara? Ba na so in cuce ta, ba na kuma so in ɓata wa Baba rai.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duka biyun wuri ɗaya idona ya tsaya, wato kwana huɗun nan da goɗiyarki ta yi tana ɗosana ƙafa. Kin faɗe shi a tsakiyar magana kamar abin da ya zo ya wuce, ni kuwa a wurina shi ne kan zancen. Dabba mai ƙiba haka, ta shiga sabuwar ciyawa, sannan ta fara tsoron taka ƙasa, duk wanda ya daɗe da dawakai abin da zai fara faɗo masa shi ne ciwon cikin kofato da likitoci ke kira laminaitis. Likitan da zai taɓa ƙafarta shi ne mai yanke hukunci. Idan bai ji wannan labari ba, ki kira shi cikin makon nan ki ba shi, ki kuma tambaye shi a ɗebi jininta a auna insulin.

Ga dalilin da ya sa na damu. A cikin kofato akwai wasu siraran yadudduka na nama da suka sarƙe da juna, su ne ke riƙe da ƙashin ƙarshe na ƙafa a jikin bangon kofato. Nauyin doki gaba ɗaya a kansu yake rataye. Dokin da kitse ya yi wa yawa, sau da yawa jikinsa kan daina jin insulin yadda ya kamata, wato sinadarin da ke sarrafa sukari a jini, sai jikin ya riƙa zubo shi fiye da kima duk sanda aka ci hatsi ko ciyawa mai zaƙi. Yawan insulin ɗin nan shi ke sassauta wannan sarƙa. Idan abin ya tsananta ƙashin kan juya ya sunkuya, a wasu ma har ya ɓullo ta tafin kofato. Na taɓa kwana a barga da wani doki da wannan ciwo ya kama, ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, gumi na zuba, ya kasa ko da taku ɗaya zuwa wurin ruwa. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa, domin da hannunmu muka ciyar da shi har ya kai haka, kuma da ƙauna muka yi. Dokin da ya taɓa yi sau ɗaya ya fi saurin maimaitawa.

Saboda haka amsar tambayarki ita ce a'a, kada ki jira ɗumi. Ranar da gari ya yi ɗumi ita ce ranar da sabuwar ciyawa za ta tsiro, kuma a lokacin komai ya juya miki baya. Hunturu kaɗai ne lokacin da yanayi yake gefenki.

Ki dubi dawakan da ke rayuwa a sake a ƙasashen sanyi. Suna tara kitse lokacin yalwar ciyawa, su ƙone shi a hankali cikin watannin sanyi, su fito da 'yar ramarsu daidai lokacin da ƙasa ke yin kore. Kitsen nan guzuri ne, an halicce su da tara shi don su ci daga baya. Mu da muke son su sai muka toshe rabin wannan zagaye: suna tarawa lokacin yalwar ciyawa, da sanyi mu hana su taɓa abin da suka tara, shekara ta zagayo su ɗora sabo a kan tsoho. Gajerun dawakai masu kauri irin taki su ne suka fi kowa iya tanadi, shi ya sa abin ya fi cin su. Goɗiyarki ta shigo hunturun bana da rumbu cike a jikinta. Abin da ake nema a gare ki kawai ki ƙyale ta ta buɗe shi.

Kafin ki taɓa abincinta, ki fara sanin inda kike. So hana ganin laifi, kuma idon da ke ganin dabba kullum ba ya lura da ƙaruwarta ko raguwarta, balle ga gashin sanyi ya rufe komai. Ma'aunin 1 zuwa 9 da likita ya yi amfani da shi, wani masani mai suna Don Henneke ne ya fito da shi a Jami'ar Texas A&M ta Amurka a 1983, kuma da tafin hannu ake yin sa. Wurare shida ake lalubawa: saman wuya inda geza take, tudun da ke tsakanin kafaɗu, bayan kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya, da gindin wutsiya. Doki mai lamba 5 ba a ganin haƙarƙarinsa, amma da kin shafa za ki ji su ba sai kin danna ba. Mai lamba 8 sai kin yi ta nema, gadon bayansa ya yi kwari a tsakiya, wuyan ya yi kauri. Wuyan nan ki sa masa ido fiye da ko'ina. Idan ya yi tozo mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa a hannu, alama ce da ke yawan tafiya tare da matsalar insulin. Tumbi kuwa kada ya ruɗe ki, doki na iya zama da ƙaton ciki saboda ciyawar da ke ciki alhali ba shi da kitse.

Idan ba ki da sikelin da doki ke hawa, tef ɗin awo ya isa. Ki auna kewayen ƙirjinta daidai inda majayi ke zama, sannan tsawonta daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ki ninka awon ƙirjin da kansa, ki ninka da tsawon, ki raba da 11,877, abin da ya fito shi ne kimanin nauyinta a kilo. Misali ƙirji 180, tsawo 165, zai ba ki kilo 450. Lissafin yana iya kuskure da 'yan kilo, amma idan mutum ɗaya ne ke yi, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, duk mako biyu, zai nuna miki ko ana sauka ko ana hawa. Ki haɗa da kewayen tsakiyar wuya, ki rubuta a littafi, ki ɗauki hotonta ta gefe da ta baya.

Yanzu abinci. Kwanon hatsin nan shi ne na farko da zai tafi. Goɗiyar da ake hawa kwana biyu a mako ba ta da aikin da zai cinye shi, kuma shi ne ya fi ɗaga sukari a jini. Akwai wani zato da ya zauna a zukatan mutane cewa hatsi ne ke ɗumama doki. Ciyawa ce ke yi. A can ƙarshen hanjin doki akwai ƙananan halittu da ke narkar da zaren ciyawa, aikin nan yana ɗaukar sa'o'i yana fitar da zafi, kamar murhun da ke ci a hankali daga ciki. Hatsi kuwa yawancinsa tun a ƙaramin hanji ake gamawa da shi, ƙarfin da ba a yi aiki da shi ba ya koma kitse. Ki janye shi a hankali cikin mako guda.

Ciyawar ita ma sai an auna ta, da sikeli, irin ƙaramin nan na ratayawa da ake auna jakar tafiya. Awon ido da na runguma su ne suka kawo mu nan. Abin da masana suka fi tsayawa a kai ga dokin da ake so ya rage shi ne kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a yini da dare, idan an cire damshin da ke cikin ciyawar. Busasshiyar ciyawa ko yaya tana da ɗan ruwa, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Don haka mai kilo 450 za ta samu kusan kilo 8 kamar yadda sikeli zai nuna. Tunda ta saba ci ba iyaka, kada ki faɗo da ita kan kilo 8 rana ɗaya. Ki fara da kilo 10, ki riƙa ragewa har ki kai cikin mako biyu. Idan kuma tana wuni a fili mai sauran ciyawa, ki sani tana samun wani abu a can, ko da a idonki filin ya bushe. Yawan kashin da take yi zai gaya miki gaskiya.

Nan zan ja kunnenki da ƙarfi, kada garin gyaran gira a rasa ido. Kada ki sauka ƙasa da wannan awo sai da umarnin likita. Doki mai ƙiba, musamman gajere, idan aka yanke masa abinci farat ɗaya, jikinsa kan kwaso kitse ya zuba cikin jini fiye da yadda hanta za ta iya ɗauka, kuma wannan ciwo yana kisa. Ragin da ake so kaɗan ne, rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyinta a mako, wato kilo 2 zuwa 4 ga mai kilo 450. Ya yi kama da ba komai, amma ki lissafa shi a wata huɗu, za ki ga kilo 40 sun tafi ba tare da ta galabaita ba.

Wahalar da ta fi awon ita ce yadda kilo 8 zai kai ta yini da dare. Doki a sake yakan yi kusan sa'a 16 yana kiwo. Tumbinsa ƙarami ne, kuma yana zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu, taunar ciyawa da yawun da ke biyo ta su ne ke kashe kaifinsa. Idan aka bar shi sa'o'i da yawa ba abin tauna, gyambon ciki na iya biyo baya, ga cizon katako da ɓacin hali. Ki yi ƙoƙari kada ta wuce sa'a huɗu zuwa biyar da rana ba ta tauna komai ba. Ki raba ciyawar kashi uku ko huɗu, mafi yawa ya zama na dare, kuma a ba ta shi a makare gwargwadon iko. Ki zuba a ragar ciyawa mai ƙananan ramuka, ko ki saka raga cikin raga, yadda sai ta yi ta zaro tsinke ɗaya-ɗaya. Idan tana da kofaton ƙarfe ki rataye ragar inda ƙafa ba za ta sarƙe ba.

Akwai dabaru biyu da ke ƙara mata abin tauna ba tare da ƙara ƙiba ba. Ɗaya ita ce gauraya ciyawar da tsaftataccen karan sha'ir ko na oti (wani irin hatsi ne), har zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kara ba shi da ƙarfi sosai, kuma yana ɗaukar lokaci a baki. Sharaɗinsa haƙoranta su zama lafiya, a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, ruwa kuma ya wadata, domin yana iya cushe hanji. Ta biyu ita ce jiƙa ciyawar cikin ruwa na wasu sa'o'i don sukarin ya fita, a zubar da ruwan, a ba ta nan take. Yawan abin da ke fita ya danganta da irin ciyawar da sanyin ruwan, kuma jiƙawa mai tsawo tana rage nauyin ciyawar kanta, don haka a auna ta a bushe a ɗan ƙara kafin a jiƙa. A ranakun da ruwa ke daskarewa wannan aiki azaba ne, ciyawar ma tana iya zama dunƙulen ƙanƙara. Ni a wurinki zan fi karkata ga kara, in bar jiƙawa sai likita ya ga sakamakon jinin ya ce lallai.

Ciyawa zalla, musamman wadda aka rage ko aka jiƙa, ba ta cika ba doki duk sinadaran da yake buƙata. Akwai wani haɗi da ake sayarwa don wannan, na bitamin da ma'adanai da ɗan furotin, wanda ba ya sa ƙiba, ana ba da kusan giram 100 ga kowane kilo 100 na nauyin doki, ko yadda aka rubuta a jikin buhun. Ki cakuɗa shi da tafi ɗaya na yankakkiyar ciyawa marar zaƙi, ki ajiye mata gishirin lasa. Ki riƙe maganar wannan kwano, zan dawo kanta.

Sai barguna biyun. Mu mutane da namu jin sanyin muke auna na doki, alhali jikinmu da nasa ba ɗaya ba ne. Doki lafiyayye ba ya fara kashe wani ƙarfi don ɗumama kansa sai sanyi ya sauko wajen digiri 5 zuwa sifili a ma'aunin Salshiyas, wanda kuma ya saba ya yi cikakken gashin hunturu yana jure abin da ya fi haka nesa. Gashin nan yakan miƙe tsaye ya riƙe iska mai ɗumi a jikin fata, bargo kuwa kwantar da shi yake yi. Ga kitse a ƙarƙashi. Goɗiya mai lamba 8, 'yar shekara 11, da ba a aske ta ba, bargo biyu ya yi mata yawa ƙwarai, wataƙila ma gumi take yi a ciki. Abin da ke karya doki a hunturu shi ne jiƙewa haɗe da iska, don ruwan sama mai sanyi yana kwantar da gashi ya kai ga fata. Ki tabbatar tana da rumfa ko wani abin da zai tare mata iska. Ki cire bargo ɗaya yanzu, bayan mako guda ki mayar da ɗayan marar nauyi wanda ruwa kawai yake tarewa, a ranakun da gari yake bushe ba iska ki bar ta haka nan. Tunda ta daɗe a rufe gashinta bai cika kamar na wadda ba a taɓa rufawa ba, shi ya sa za a bi a sannu. Idan kina so ki san ko tana jin sanyi, ki sa hannu a bayan kafaɗarta ko gindin kunne. Idan kin ga tana rawar ɗari ta takure, ki rufe ta ki ƙara mata ciyawa a wannan dare, ba a neman ragi ta hanyar azabtarwa.

Ruwa kuma kada a yi wasa da shi. Doki mai girmanta yana shan lita 25 ko fiye a yini, kuma busasshiyar ciyawa da kara suna ƙara masa buƙata, amma idan ruwan ya yi sanyi ƙarara sai ya rage sha, daga nan hanji ya cushe, ciwon ciki ya taso. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 1994, gajerun dawakai sun sha kusan kashi 40 cikin 100 fiye da yadda suke sha da aka ba su ruwa mai ɗumi a madadin mai shirin daskarewa. Butar ruwan zafi a cikin bokitinta safe da yamma, da fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin ruwa, ƙaramin aiki ne mai babban amfani.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ciyawar fili a ranar da aka kwana da jaura aka tashi da rana tsaf tana iya cika da sukari. Hasken rana yana sa ta haɗa sukari, sanyin dare yana hana ta girman da zai cinye shi, sai ya taru. Ga goɗiyar da ake zargin ta taɓa ciwon kofato, irin wannan safiya gara ta tsaya a fili marar ciyawa da ragarta.

Na bar motsa jiki zuwa nan da gangan, domin na san shi ne ke sa ki jin kin gaza. Ki kwantar da hankalinki. Mafi yawan ragin daga awon abinci zai fito. A wani bincike da aka wallafa a 2019 daga Jami'ar Melbourne ta Ostareliya, an rage wa dawakai masu ƙiba abinci na mako 12, rabinsu kuma aka ƙara musu da sassarfa ta minti 15, da tafiyar minti biyar kafin da bayanta, kwana biyar a mako. Duka ɓangarorin sun rage nauyi kusan daidai, amma waɗanda aka motsa, jikinsu ya fi dawowa da jin insulin. Wannan shi ne ainihin abin da muke nema wa ƙafafunta. Kin ga ashe ba dogon kilisa ake buƙata ba, minti 25 ne, amma a kai a kai. Ɗan kaɗan kwana biyar ya fi a tara gajiya a sauke mata ranar Asabar.

Sharaɗi ɗaya ba a tsallake shi: sai likita ya ce kofatonta lafiya. Dokin da ƙafarsa ke ciwo ba a tilasta masa tafiya, ƙara yaga naman ake yi. Idan ya ba da izini, ki fara da tafiya mai kuzari, wadda za ki ji numfashinta ya ɗan ɗaga, ba jan ƙafa ba. Minti 20 a makon farko, ki riƙa ƙarawa, sannan sassarfa ta shigo. Hawa tudu a tafiye yana aiki ƙwarai. Ranakun aiki, idan akwai fili mai fitila, ki zagaya da ita a doguwar igiya, kewaye mai faɗi don kada nauyinta ya dami gaɓoɓi. Ranar da ƙasa ta daskare ta yi ƙulle-ƙulle ko santsi, tafiya kawai, ko a haƙura. Dusar ƙanƙara takan dunƙule a cikin kofato, ki duba ki cire. Idan tana jiƙewa da gumi saboda yawan gashi, a aske mata ƙasan wuya da ƙirji kaɗai, kuma kada ki bar ta a iska da jiƙaƙƙen jiki sai ta bushe. A fili kuma ki nisanta ruwa da ciyawa, ki rarraba ragar a kusurwa daban-daban, za ta yi ta kai da kawo da kanta. Ki riƙa duba zaman sirdi, domin bayan da ke raguwa yana sauya masa zama.

Yanzu maganar Baba, wadda na san ita ce ta fi yi miki nauyi. Ki fara da yarda cewa akwai gaskiya a bakinsa. Tsohon doki, ko ramamme, ko mai ciwon haƙori, ko goɗiya mai shayarwa, rage musu abinci da sanyi zalunci ne kamar yadda ya faɗa. Tausayi ne ke sa shi cika kwanon nan, kuma mutumin da ke fita cikin ɗari kowace safiya don dabbarki ya cancanci a yi masa magana da ladabi. Kada ki je masa da lissafi da sunayen jami'o'i. Ki roƙe shi ya tsaya ranar da likita zai zo, ya ji daga bakinsa, domin maganar da ta yi wa uba nauyin karɓa daga 'yarsa takan yi sauƙi daga baƙo. Ki tuna masa kwana huɗun bara, shi ma ya gani da idonsa. Ki ce, "Baba, taɓa wuyan nan ka ji, likita ya ce shi ne ke kai ciwo ƙafa." Hannunsa zai fahimci abin da baki bai iya bayyanawa ba.

Sannan kada ki raba shi da kwanonsa. Wannan haɗin bitamin da yankakkiyar ciyawa da na ce ki riƙe, shi za ki zuba a kwanon da ya saba, ki haɗa tun dare, da safe ya miƙa mata da hannunsa, ta yi masa haniniyar da ta saba. Ragar ciyawa ma ki auna ki cika ta yini gaba ɗaya ki jera, kowace da lokacinta, don kada a bar shi da shawarar ko ya ƙara ko kada ya ƙara a gaban dabba mai kallonsa. Idan kuma ƙafarsa da lafiyarsa sun yarda, ki ba shi babban aikin: ya ja ta da ragama su yi tafiyar minti 20 da hantsi, lokacin da ke kina wurin aiki kuma gari da haske. Da wannan kin samu kwana biyar ɗin da kike nema, shi kuma ya samu wata hanyar nuna mata ƙauna. Littafin awon ma a hannunsa ya zauna, shi ya riƙa rubuta lambobin.

Kallon da take yi miki idan ta cinye, na san shi, kuma ba zan ce miki ba ya taɓa zuciya ba. Doki mai son ci zai yi wannan kallo ko yanzu ya gama kilo goma. Idan ya dame ki, ki ɗauki buroshi ki goge mata jiki, ki sosa mata tsakanin kafaɗu, ko ki fita da ita ku taka.

Makonni uku ko huɗu na farko tef na iya ƙin motsi, kada ki karaya, kada kuma ki ƙara ragewa da kanki. Idan an kai mako shida ba canji, ki fara bincika ko wani na ba ta wani abu a ɓoye, ko tana cin shimfiɗar karan da take kwana a kai, sannan ki koma wa likita. Duk ranar da kika ji kofato ya yi zafi, ko jijiyar bayan dunduniya tana bugawa da ƙarfi, ko ta ƙi juyawa a ƙasa mai tauri, ki tsayar da komai, ki ajiye ta a shimfiɗa mai laushi, ki kira shi a ranar. Kafin ciyawa ta fara tsirowa kuma ki sayi takunkumin kiwo ki fara saba mata da shi, yana iya rage abin da take figa har da kusan kashi uku cikin huɗu.

Ki auna ta gobe da safe kafin ta ci, ki rubuto mini lambobin bayan wata guda, tare da abin da likita ya ce game da jinin. Ki gaishe mini da Baba. Allah ya ba ta lafiya.